Tsakanin Kantin Kwari da Tiga: yadda wani ɗan kasuwa ya riƙe tuƙin kwale-kwale cikin jinya da tafiye-tafiye

Mazaunin birnin Kano da ya zaɓi tuƙin kwale-kwale ya zama motsa jikinsa ya ɗauko wa kansa aiki, domin ruwan ba a ƙofar gida yake ba. Kududdufan cikin gari ba wurin shiga ba ne, Jakara kuwa ba a ma zancenta. Ruwan da za a iya tuƙi a kansa sai an fita: Tiga, Bagauda, Challawa ta wajen Ƙaraye, Watari a Bagwai, ko kogin Wudil. Mutumin da wannan nazari ya shafa, wanda zan riƙa kira Alhaji kawai, Tiga ya riƙe, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Cikin shekara guda da 'yan watanni zazzaɓi ya kwantar da shi, kafaɗa ta tsaya masa, fatauci ya yi ta ɗauke shi daga gari, daga ƙarshe ruwan da kansa ya ba shi wata cuta. Har yau yana tuƙi. Da aka bi lamarin daki-daki, hutun dole da ya riƙa yi bai yi masa ɓarnar da komawarsa ruwa bayan hutun ta yi masa ba.

Alhaji dillalin atamfa da shadda ne a Kantin Kwari, shekarunsa sun doshi hamsin, yana da jiki, kuma wuninsa a zaune yake ƙarewa. A 2022 aka tabbatar masa da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani, aka ce ya motsa jiki. Ya gwada sassarfa da safe, gwiwar hagu ta kumbura. Wani abokin cinikinsa daga wajen Rano ne ya haɗa shi da kawunsa, wani dattijon masunci da ke da jirage biyu a gaɓar Tiga. Tuƙi ya yi wa Alhaji daidai saboda dalili mai sauƙi: a zaune ake yin sa, gwiwa ba ta ɗaukar nauyin jiki, amma zuciya da huhu suna aiki, baya da ƙugu da kafaɗu ma haka.

Tsarinsa na farko kenan: ranar Lahadi bayan sallar asuba ya bar yaransa da shago, ya ɗauki titin Zariya, ya wuce Kura, ya isa gaɓa rana ba ta yi zafi ba, ya yi kamar awa guda a ruwa tare da Baba masunci, ya sayi kifi ya dawo. Sauran kwanakin mako babu komai. A nan raunin tsarin yake tun ranar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Awa guda ranar Lahadi ba ta kai rabin mafi ƙarancin wannan ba. Abin da ya fi haka muni, duk abin da ya taɓa Lahadi ya taɓa komai: ɗaurin aure, ta'aziyya, hadarin da ya taso da sassafe, ko tsadar mai bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, wadda ta sa zuwa Tiga da dawowa ya zama abin lissafi.

Zazzaɓi, da abin da ya biyo baya

A watan Satumba na 2023, lokacin da sauro ya fi yawa a Kano, zazzaɓi ya kama shi. Bai je asibiti ba. Wani kemis na unguwa ya ce "malariya ce da taifod", kamar yadda aka saba faɗa, ya ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku, ya haɗa masa da ciprofloxacin. Zafin jiki ya sauka cikin 'yan kwanaki. Lahadi biyu ta wuce shi, ta uku ya tafi Tiga da niyyar yin awa biyu maimakon ɗaya.

Alhaji ya ɗauki motsa jiki kamar azumi: wanda aka sha saboda rashin lafiya ana rama shi. Amma jiki ba ya karɓar ramuwa. Bai cika rabin awa ba numfashi ya gagare shi, jiri ya ɗebe shi, zuciya tana dukan ƙirji. Baba ya karɓi filafilin ya juyo da su gaɓa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, jinin jikinka bai dawo ba," in ji Baba. "Dubi tafin hannunka. Mu nan wanda ya tashi daga zazzaɓi, koma muke ba shi ya gyara a inuwa, ba ma sa shi a jirgi."

Maganar Baba daidai take da abin da likita zai faɗa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jajayen ƙwayoyin jini take hayayyafa, tana fasa su, saifa kuma tana kwashe waɗansu da ba su ma kamu ba. Waɗannan ƙwayoyi su ke ɗaukar iska zuwa tsoka. Magani yana kashe cutar cikin kwanaki, amma mayar da jinin da aka rasa makonni yake ɗauka. Ga kuma kwanciyar kanta: mutum in ya daina motsa jiki, ruwan jininsa yana raguwa tun makon farko zuwa na biyu, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri don yin aikin da a da take yi a natse. Juriyar numfashi ita ke fara zubewa, cikin mako biyu zuwa huɗu ana gane bambanci. Ƙarfin tsoka ya fi ta daɗewa. Wannan saɓanin shi ke yaudarar mutane: hannu yana jin zai iya, ƙirji bai shirya ba.

Bai ɗauki darasin duka ba. Ya huta mako guda, ya dawo, ya ci gaba da tsawaita lokaci don ya cike giɓin da yake gani a ransa.

Kafaɗa

Kafin hunturu ya kankama kafaɗar dama ta fara. Da farko in ya miƙa hannu zai sauko da bandir daga saman kanta ne yake jin ta. Daga baya sa babbar riga ya zama aiki, da dare kuma ba ya iya kwanciya ta wannan ɓarin. Ya bi hanyar da yawancinmu muke bi: diclofenac daga kemis, man zafi, mai gyaran targaɗe, har ƙaho wanzami ya yi masa. Maganin kashe zafin ne ya fi cutar da shi, domin yana sha ranar Asabar da dare ya tafi ruwa ranar Lahadi, ciwon da ya kamata ya tsayar da shi ba ya jin sa sai Litinin. Ga mai hawan jini ma irin wannan magani ba abin sha kullum ba ne, yana iya ɗaga jinin kuma yana wahalar da ƙoda.

Sai da uwargidansa ta matsa aka kai shi wurin wata likitar gashin ƙashi. Ta sa ya ɗaga hannu a hankali ta gefe. Daga ƙasa lafiya, da ya kai wajen tsayin kafaɗa ya yamutsa fuska, da ya wuce can sama zafin ya ragu. Ta ce jijiyoyin tsokoki huɗun nan da ke riƙe da kan ƙashin damtse a cikin gurbinsa ne suka gaji, ba karaya ba ce, ba gocewa ba. Sannan ta miƙa masa sandar mofa.

"Alhaji, zauna nan ka nuna min yadda kake tuƙin."

Ya nuna. Ta ga abin da shi bai taɓa lura da shi ba: ƙugunsa a kafe yake, hannuwa kaɗai ke aiki, hannun sama yana wuce goshi, yana jan filafili har ya wuce bayansa, kuma ta ɓari ɗaya yake tuƙi kusan kullum, Baba ne a baya yake daidaita jirgin.

"Wa ya sassaƙa maka filafilin?"

"Na Baba ne, likita."

"Baban ya fi ka tsawo?"

"Ya fi ni."

"To ka ga. Shi tun yana yaro jijiyarsa take wannan aiki. Kai taka shekara ɗaya ta yi, sau ɗaya a mako, da icen da ya fi ƙarfinka."

Da ta tambayi magungunan da ya sha a 'yan watannin, ya ambaci ciprofloxacin, sai ta rubuta. Wannan magani da danginsa an san suna iya raunana jijiya, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mai ƙarfi a kwalinsu a 2008. Agara suka fi taɓawa, amma kafaɗa ma tana ciki, kuma matsalar tana iya bayyana bayan an gama shan maganin da makonni ko watanni. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda suka haura shekara 60 da masu shan magungunan sitiroid, irin na kwantar da kumburi. Ta lissafa shi cikin abubuwan da suka taru a kan kafaɗar, tare da nauyin filafili, da salon tuƙi, da ninka lokaci bayan jinya. Abin takaici a nan shi ne, ba a yi wani gwajin kirki da ya nuna yana da taifod ba tun farko. A Kano an mayar da "malariya da taifod" kamar tagwaye, ana ba da maganin ɗaya a kan zaton ɗayan.

Ta hana shi ruwa na mako shida, amma ba ta ce ya kwanta ba, kuma wannan ne ya sauya lamarin gaba ɗaya. Ta ba shi igiyar roba mai talewa. Ya ɗaura ta a marikin ƙofa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ya riƙa juya hannu waje a hankali. Ya ja ta zuwa ciki yana matse allunan kafaɗa. Ya zauna a kujera ya riƙa juya ƙugu dama da hagu igiyar tana ja. Ƙa'idar da ta ba shi: ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi, muddin washegari bai fi na jiya ba. Don zuciya kuma ta ce ya yi tafiya mai sauri a shimfiɗaɗɗen wuri, saurin da zai iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Hawan Dala da Goron Dutse ta ce ya bar wa masu gwiwa.

Jijiya ba ta saurin tsoka wajen warkewa ko ƙarfafa, jinin da ke isa gare ta kaɗan ne. Shi ya sa irin wannan jinya ake ba ta mako shida zuwa goma sha biyu kafin a yanke mata hukunci. Alhaji ya gaji a mako na uku, ya nemi a yi masa allura a kafaɗa a huta. Ta gaya masa allurar tana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa jijiya ƙarfi, kuma mutum irinsa da zarar zafi ya tafi Tiga zai nufa. Ya yi dariya, domin gaskiya ta faɗa.

Da ya koma ruwa, da sabon filafili ya koma, gajere mara nauyi, wanda Baba ya sa aka sassaƙa daidai tsawonsa. Minti ashirin ya yi ranar farko, kusa da gaɓa, yana sauya ɓari a kai a kai. Baba ya koya masa abin da shi yake yi ba tare da ya taɓa ba shi suna ba: "Alhaji, kafa icen a ruwa, ka juyo da jikinka. Kada ka ja ruwa, jirgin za ka kai wurin icen." Watanni biyu ya ɗauka kafin ya koma awa guda.

Tafiya da azumi

Wannan ɓangaren bai ba da wahala sosai ba, saboda jinyar kafaɗa ta riga ta bar masa abin da ba shi da shi a da: motsa jikin da ba ya bukatar ruwa. Igiyar roba tana shiga aljihun jaka. A Legas, a Dubai, a Chaina, ƙofar ɗakin otal ta isa. Masu binciken motsa jiki sun daɗe da nuna cewa riƙe abin da aka samu ya fi samunsa sauƙi: mutum zai iya rage yawan kwanaki da tsawon lokaci sosai, in dai bai rage ƙarfin atisayen ba, kuma ya riƙe juriyarsa makonni da dama. Don haka a tafiya sau biyu a mako yake yi, gajere amma da gaske. Inda otal ke da injin tuƙi yakan hau, duk da cewa injin ƙafa ya fi sa wa aiki, ba irin tuƙin kwale-kwale ba ne.

Abin da ya fi amfani shi ne dokar da ya kafa wa kansa ta dawowa. Chaina tana gaban Najeriya da awa 7, kuma wanda ya kwana a jirgin sama ya sauka Kano bai kamata ya kama sitiyari da asuba zuwa Tiga ba, balle ya hau ruwa. Lahadin farko bayan doguwar tafiya ta gida ce. Ta biyu rabin lokaci. Haka bayan kowace rashin lafiya, da ƙarin sharaɗi: in akwai zafin jiki babu atisaye ko kaɗan, ko na igiya, domin motsa jiki cikin zazzaɓi yana iya taɓa tsokar zuciya. Yana kuma ƙirga bugun zuciyarsa da safe kafin ya tashi daga gado. In ya ga ya haura yadda ya saba da kamar goma a minti, ranar hutu ce.

Azumin 2024 ya faɗo a Maris zuwa Afrilu, tsakiyar zafin Kano, lokacin da ma'aunin zafi ke kaiwa digiri 40. Ya ajiye ruwa wata guda cur. Mai shan maganin hawan jini, bakinsa da azumi, a tsakiyar dam da rana, jiri kawai zai ɗebe shi ya kifa. Bayan asham yake taka ƙafa a unguwa ya ja igiyarsa.

Tun da an zo maganar kifewa: Alhaji ba gwanin iyo ba ne, kuma watanninsa na farko babu rigar kariya ya yi su, saboda Baba ba ya sawa. Mutanen Kano ba su manta da kifewar jirgin Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Uwargidansa da wannan ta kafa masa hujja har ya sayo riga. A ganina duk sauran abin da ke cikin wannan nazari a bayan rigar nan yake.

Abin da ruwan ya ba shi

Da damina ta kama, Alhaji ya ga ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Ya tsorata, ya zaci ƙoda ce ko wani abu mafi muni. Wannan karon asibiti ya tafi kai tsaye. Likitan ya tambaye shi ko yana shiga rafi ko dam, sannan ya ce ya kawo fitsari tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da ƙwan cutar ya fi fita. Aka duba a ɗakin gwaji: tsargiya.

Ya yi mamaki, domin a saninsa ciwon yaran ƙauye ne masu wanka a rafi, shi kuwa bai taɓa yin iyo a Tiga ba. Amma ba sai an yi iyo ba. Cutar tana rayuwa a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyayin bakin ruwa mara gudu. Daga jikinsa ƙananan tsutsotsi da ido ba ya gani suke fitowa, su huda fatar mutum cikin mintuna. Su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, su yi ta zuba ƙwai, ƙwan ne ke yi wa bangon mafitsara rauni. Tsakanin shigarsu da ganin jini akan yi kamar wata uku. Alhaji kuwa kowace Lahadi yana naɗe wando ya shiga har gwiwa ya tura jirgi, ya wanke fuska in zafi ya dame shi, ya yi alwala a gaɓa. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, kuma yankunan madatsun ruwa da noman rani, irin na Kadawa da Kura da ruwan Tiga ke shayarwa, wuri ne da dodon koɗin ke jin daɗi.

Maganin ba shi da wuya: praziquantel, gwargwadon nauyin mutum, miligiram 40 a kowane kilo, sha ɗaya. Sai dai manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya kama ƙananan da suka shiga kwanan nan, don haka shan sa washegarin shiga ruwa aikin banza ne. Kuma ba rigakafi ba ne. Wanda ya warke ya koma ruwan zai sake ɗauka. In aka bar cutar shekaru tana lalata mafitsara da hanyar ƙoda, tana ma cikin abubuwan da ke jawo kansar mafitsara.

Likitan bai yi kwana-kwana ba. "Alhaji, shawarata ka bar ruwan nan. Ka sayi keke."

"Likita, keke a titin Kano? Gara dodon koɗi."

Aka yi dariya, amma saɓanin na gaske ne, kuma kowannensu yana da hujja. Likita yana kallon cutar da za a iya kauce mata gaba ɗaya. Alhaji yana kallon motsa jiki guda ɗaya tak da ya taɓa riƙewa fiye da wata biyu a rayuwarsa, wanda saboda shi ne ma yake jan igiya a ɗakin otal. A cire Tiga, ina kyautata zaton igiyar ma za ta koma ɗaure kaya. Na fi karkata ga Alhaji, da sharaɗin kada ya yaudari kansa cewa dabarunsa sun kawar da haɗarin. Sun rage shi ne kawai, domin filafili yana fantsama ruwa, kuma ƙasan jirgin katako ba ya rabuwa da ruwa.

Ga abin da suka tsayar. Ba ya ƙara taka ruwa da ƙafa tsirara: da dogon takalmin roba yake shiga jirgi, in ya zauna ya cire shi ya ɗora ƙafa a kan katako, domin takalmin da ya cika da ruwa nauyi ne in jirgi ya kife. Yaron Baba ne ke tura jirgin. Ruwan alwala da na wanke fuska daga gida yake zuwa da shi a jarka. Yana barin ruwa kafin hantsi ya yi nisa, saboda tsutsotsin sun fi fitowa da tsakar rana. Fitsari kuma ana gwada masa lokaci-lokaci ko bai ga jini ba. Ya gaya wa Baba sakamakon gwajinsa, ya kuma biya aka kai yaran gidan asibiti, biyu daga cikinsu aka same su da ita.

Yanzu sau biyu a wata yake zuwa Tiga, kuɗin mai ne ya yanke hakan ba likita ba. Tsakiyar mako yana tafiyar ƙafa da asuba sau uku, igiya sau biyu, wanda ke nufin mafi yawan motsa jikinsa a tudu yake yin sa. Maganin hawan jini yana nan yana sha. Kafaɗar takan yi masa magana in hunturu ya yi tsanani, sai ya rage lokaci a makon. Rigimar da ta rage a gidan ita ce ta babban ɗansa, mai shekara goma sha huɗu, da ke ta naci: "Abba, ni ma a tafi da ni." Alhaji ya sayo riga ta biyu daidai jikin yaron. Hajiya ta ce ba da ɗanta ba, sai ya koyi iyo a wurin wanka mai magani a cikin gari tukuna, kuma sai ta ga sakamakon gwajin uban na bayan damina.